Waƙa Ta Bar Talabijin, Ta Koma Aljihu



Kwamitin shirya wannan taro ya umurce ni da in yi ɗan tsokaci a kan yadda kallon waƙoƙi ya tashi daga akwatin talabijin ya koma wayar hannu. Wani zai ce ina ruwan masu furfura da zancen waƙa? To, akwai ruwanmu, domin a cikin wannan canji akwai abin da muke gab da yin asararsa.

Mu fara tuna baya. An kafa hukumar NTA a 1977, kuma mu mutanen wannan yanki tashar Sakkwato muka dogara da ita, tun kafin a ba mu Jihar Kebbi a 1991. Sai da yamma ake buɗe tasha, a yi labaran ƙasa da ƙarfe 9, a rufe da taken ƙasa. A ƙauyukanmu kuwa, wanda ya mallaki akwatin sai ya haɗa shi da batirin mota, unguwa ɗungurungum ta taru a ƙofar gidansa. In an sa Shata ko Ɗanƙwairo, dattijo da yaro tare suke kallo, kuma ma'aikacin tasha ne ya zaɓa musu. Dokar 1992 ta buɗe wa tashoshi masu zaman kansu ƙofa, finafinan Hausa na kaset kuma, waɗanda Turmin Danya ya share wa fage a 1990, suka zo da nasu waƙoƙin. Duk da haka akwatin ɗaya ne a tsakar gida.

Abin da ya sauya lissafin shi ne shigowar wayar salula a 2001, da kafa YouTube a 2005. Da farko masu tura waƙoƙi a kasuwannin Jega da Birnin Kebbi ne suka riƙa cika wa matasa memori. Daga baya, da manyan wayoyi suka wadata, kowa ya koma sayen data yana kallo kai tsaye. Talabijin ba ta zauna haka nan ba, domin Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo shirin Zafafa Goma. Amma wa zai jira ranar shiri alhali waƙar tana aljihunsa? Mun ga yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game Arewa a 2020, lokacin kullen korona, ta hanyar wayoyin mata da ke ɗaukar bidiyon kansu. Haka Warr ta Ado Gwanja ta yi a TikTok a 2022. Kai, hatta MTV, tashar Amurka da aka buɗe a 1981 don bidiyon waƙa kawai, a 2025 masu ita sun ba da sanarwar rufe tashoshinta na waƙa zalla a Ingila.

Amfanin wannan a fili yake. Yaron Diggi mai murya ba ya bukatar sanin kowa a gidan talabijin. In ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, YouTube zai fara ba shi kaso daga kuɗin talla.

Sai dai, jama'a, ku lura da yadda na'urar ke aiki. Abin da ka kalla jiya, irinsa za ta miƙo maka yau, kuma abin da aka ɗora mata kaɗai ta sani. Saboda haka duk waƙar da ba ta shiga intanet ba, a wurin 'ya'yanmu tamkar ba a taɓa yin ta ba ne. Manya irin su Narambaɗa, da Sani Aliyu Ɗandawo, da Gambu sun yi sa'a, masoyansu sun ɗora wasu daga cikin waƙoƙinsu. Ina makaɗan noma na ƙasar Kalgo? Ina masu kalangun biki, da makaɗan kokawa, da waƙoƙin daka da na niƙa na iyayenmu mata a ƙasar Gwandu? Abin da ya rage na yawancinsu yana cikin tsofaffin kaset-kaset a ƙarƙashin gado, zafi da ƙura da laimar damina suna cin zaren. A cikinsu akwai sunayen kakanninmu, da kirarin garuruwanmu, da Hausarmu ta yamma wadda ba a jin ta a waƙoƙin zamani.

Don haka nake roƙon wannan ƙungiya abu 3. Na farko, kowa ya koma gida ya bincika adaka, ya kawo wa sakatare duk kaset ɗin makaɗin gida da ya samu, na sauti ko na bidiyo. Na biyu, mu ware wani abu daga asusunmu a mayar da su cikin kwamfuta, bayan an nemi yardar makaɗin ko magadansa, domin haƙƙinsu ne. Na uku, malamanmu na Hausa su taimaka a rubuta sunan kowane makaɗi, da garinsa, da wanda ya yi wa waƙar, sannan ɗaliban makarantarmu na yanzu su ɗora su da hannunsu. Yaron da ya sha wahalar ɗora waƙar kakansa, ba sai an roƙe shi ya saurare ta ba.

Da can ma'aikacin tasha ke zaɓar abin da za a gani. Yau zaɓin ya dawo hannunmu, nauyin ma haka. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.