Ɓari Da Hanyoyin Maganinsa



Zan yi magana ne a kan abin da kunya ta daɗe da hana mu faɗa a bainar jama'a, watau ɓarin da ke aukuwa cikin watanni 3 na farkon ciki. A 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa ana yin ɓari miliyan 23 kowace shekara a duniya. Kusan rabinsu kuwa daga tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayi suke, ba daga daka ko ɗaukar ruwa ba, balle sammun kishiya.

In likita ya ɗauki hoton ciki, ya tabbata ba a wajen mahaifa cikin ya zauna ba, hanyoyi uku ne gaban mace. Ta farko jira: mahaifa takan fitar da ragowar da kanta cikin mako 1 ko 2, muddin babu zazzaɓi ko zubar jini mai yawa. Ta biyu ƙwayar misoprostol, wadda ke sa mahaifa ta tsuke ta koro abin da ya rage. Tana kawo ciwon mara da ɗari, don haka likita ke rubuta ta, ba mai kemis ba. Ta uku wankin ciki. Dā kankarewa ake yi da ƙarfe. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita zuƙowa da sirinjin hannu, aikin 'yan mintoci bayan allurar kashe zafi, mace ta kwana gidanta. Wadda jininta ke rukunin nagatif, a tambayi likita game da allurar da ke kare cikin gaba.

Haɗarin yana cikin jinkiri. Jinin da ke jiƙa auduga 2 cikin awa guda, ko zazzaɓi, ko jiri, ko ruwa mai wari, ba sa jiran jiƙo, ba sa jiran maigida ya taso daga ofis. Ga Asibitin Nassarawa nan kusa, wanda yanzu ake kira Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, ga kuma na Murtala cikin birni.

Saboda haka, magidanta da masu shirin zama magidanta, ku ba iyalinku izinin zuwa asibiti tun kafin buƙata ta taso. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya sukan sāke ɗaukar ciki su haihu lafiya.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.