Jawabi Kan Shirin Tiyata da Jinya Bayanta

Kafin tiyata, likita yakan auna jinin majinyaci, ya saurari zuciyarsa, ya bincika hawan jini da ciwon sukari. Kada a ɓoye masa kome, har jiƙon gargajiya.

Idan an hana majinyaci abinci awa 6 kafin aiki, kada tausayi ya sa dangi su ba shi kunu a ɓoye. Wanda aka sa wa maganin barci yana iya yin amai, aman ya shige huhunsa, ya hallaka shi.

Bayan aiki, da zarar likita ya yarda, a taimake shi ya riƙa takawa, don kada jini ya daskare a ƙafafunsa. In ɗinki ya yi mugunya, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti nan da nan.

Allah ya ba mu lafiya.