Maganar Hannu Ba Ta San Iyaka Ba

'Yan'uwa malamai,

Mu a Bahindi mun san yadda Turanci da Faransanci suka raba makarantunmu da na maƙwabtanmu a Jamhuriyar Benin. Amma karatun kurame tushensa ɗaya ne. Andrew Foster, kurma ɗan Amurka, ya buɗe musu makaranta a Ibadan a 1960, daga baya ya kai irin wannan maganar hannu Benin. Tafinta ne muka rasa. Kurma yakan je asibiti ko kotu ba mai isar da maganarsa, alhali dokar 2018 ta haramta yi masa wariya. Muna roƙon reshenmu na Bagudo ya tuntuɓi takwarorinmu na Segbana, mu horar da tafintoci tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.