Gyaran Murhu Kafin Ɗari: Jawabi ga Masu Gida na Ƙasar Haɗeja

Ga kaka ta yi, ruwan kogi ya fara janyewa daga fadama, iskar hunturu kuwa tana tafe. Saboda haka yau maganarmu a kan murhu ta ke. Watakila wani ya ce, "Ai wannan sha'anin mata ne." To, ɗan'uwa, dafuwa tasu ce, amma ginin madafa da jinkarta a wuyanka su ke. Ran da gobara ta tashi, ba ta tambayar wanda ya hura wuta.

Da fari sai ka shiga madafa da rana, ka ɗaga kai. Baƙin nan da ya lulluɓe jinka shi ne kunkunniya. Hayaƙi ne ya daskare, yana da danƙo kamar kwalta, yana kuwa cin wuta. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ka bari sai wuta ta mutu sarai, ka fitar da tukwane da abinci, ka rufe hanci da baki da ƙyalle, sa'an nan ka ɗaura tsintsiya a gora ka kakkaɓe. In jinkar ta tsufa, ta sauko kusa da murhu, a sake ta.

Me ke kawo yawan kunkunniya? Ɗanyen itace. Itacen da aka saro yanzu, wajen rabin nauyinsa ruwa ne, don haka hayaƙi ya ke yi maimakon harshe. Mu mutanen bakin kogi mun fi kowa sanin wannan, gama damina takan jiƙa mana kome. Ka faskara itacenka, ka jera shi bisa duwatsu inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da danga. Kada a sa roba ko leda a wuta, hayaƙinsu dafi ne. Fetur kuwa, ko kusa da madafa kada ya kwana.

Na biyu, toka. Kowace safiya a kwashe ta, domin in ta taru takan toshe wa wuta iska. Amma fa ka sani garwashi yakan kwana da rai a cikinta, har ya wuni. Na taɓa ganin wani ƙauye inda aka zuba toka a gindin zana da magariba. Cikin dare iska ta taso, kafin asuba rumbu uku sun zama gawayi, da geron shekara a ciki. A zuba toka a tsohon kasko ko kwanon ƙarfe, a yayyafa ruwa, in ta huce a kai gona.

Na uku, jikin murhun. In na duwatsu ne, ka duba su zauna daram, kada tukunya ta tuntsure kan yaro. In na laka ne, ka cike tsaguwa da yumɓu da aka kwaɓa da ƙaiƙayi, ka bar shi ya bushe kafin a hura babbar wuta. Kada a kwara ruwa a murhu mai zafi, tsagewa zai yi. Wanda ambaliya ta shiga gidansa, kamar yadda ta yi wa garuruwa da yawa na Jigawa a 2020 da 2022, ya duba gindin bango da kyau. Masunta masu bandar kifi, ku ma ku kankare maiƙon da ya taru a wurin banda, gama shi ne abincin wuta.

Saura abu guda, shi ne mafi girma. Garwashi yana fid da wata iska mai kisa wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum ya kai kasko ɗaka don jin ɗumi, ya toshe ƙofa da taga, sai ciwon kai da jiri su kama shi, barci ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa. A fitar da kasko kafin a kwanta. A bar wa madafa kafa a sama inda hayaƙi zai fita, kada kuma a zaunar da jariri a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020.

In wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ban da toka, ban da manja, sa'an nan a kai shi asibiti. Kullum kuma a ajiye tulu cike da ruwa da kwanon yashi a ƙofar madafa.

Duk aikin nan bai fi na yini guda ba. In ka gama naka, ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, gama dangarku ɗaya ce. Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mu. Haza wasalam.