Ƙarar kunne da motsa jiki

Yau zancenmu a kan lafiyar kunne ya ke. Ku matso kusa, ku saurara da kyau. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna.

Mene ne ƙarar kunne?

Akwai mutanen da su ke jin ƙara cikin kunnensu, alhali babu abin da ke ƙara kusa da su. Wani yana jin kamar kukan gyare. Wani kamar fito. Wani kamar ƙugin iska, ko ƙarar inji daga nesa. Shi kaɗai ya ke ji, na kusa da shi ba ya ji. Da rana, cikin hayaniyar kasuwa, abin yana ɓacewa. Da dare, in gari ya yi tsit, sai ya dawo ya hana barci.

In kana cikin masu wannan hali, ka sani ba kai kaɗai ba ne. A shekarar 2022 masana sun haɗa binciken ƙasashe da yawa wuri ɗaya. Sun tarar cikin manya 100, kamar 14 suna jin wannan ƙara. Cikinsu kamar 2 abin yana damunsu ƙwarai. A duniya duka, masu jinta sun fi mutum miliyan 740.

Wasu in sun ji ta sai su tsorata, su ce iska ce, ko sammu, ko hauka ke tafe. Ba haka ba ne. Ƙarar kunne alama ce, kamar yadda zafin jiki ya ke alama. Tana nuna akwai abin da ya taɓa kunne ko jijiyoyinsa.

Daga ina ta ke fitowa?

Kunne kashi 3 ne. Akwai na waje, wanda mu ke gani. Akwai na tsakiya, inda wata fata ƴar siririya ta ke, kamar fatar kalangu, da ƙananan ƙasusuwa 3. Akwai na can ciki, mai kama da katantanwa. Cikin wannan katantanwa akwai ƙananan gasu, kamar dubu 15 a kowane kunne. Ido ba ya ganinsu. In sauti ya shigo, su ne ke kaɗawa, su aika ma ƙwaƙwalwa labari.

Waɗannan gasu, in sun mutu ba su sake tsirowa. In wasunsu sun lalace, labari ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ya saba. Sai ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙoƙarin saurare. Ku duba radiyo: in tasha ta ɓace, ka ƙara murya, mi za ka ji? Sai shuuu. To, kusan haka abin ya ke cikin kai.

Ga abubuwan da su ka fi kawo ta:

1. Ƙara mai ƙarfi: injin niƙa, injin wuta, maƙera, walda, bindiga, lasifikar biki.
2. Tsufa.
3. Dauɗa da ta toshe kunne, ko ciwon kunne mai ruwa.
4. Sanƙarau, wanda mu ka sani ƙwarai a ƙasarmu lokacin rani.
5. Wasu magunguna, kamar kinin, da asfirin in an sha da yawa, da wasu allurai kamar jantamisin.
6. Hawan jini, wanda ake ce ma tansiyo, da ƙarancin jini.
7. Ciwon wuya ko na muƙamuƙi, da bugu a kai.

Motsa jiki yana warkar da ita?

Mu faɗi gaskiya tun da fari. Motsa jiki ba ya maido gasun da su ka mutu. Duk wanda ya ce maka gudu ko tafiya za su kashe ƙarar nan ƙurmus, ya yi maka alkawarin da ba shi iya cikawa. Amma motsa jiki yana rage wahalar da ƙarar ke sa mutum. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Ku ɗauki misalin mutum 2, ƙararsu iri ɗaya. Na farko ya shige ɗaki, ya bar gona, ya bar majalisa. Ba abin da ya ke yi sai sauraren kunnensa. Yana saurare, yana tsorata. Yana tsorata, barci yana ƙaurace masa. Rashin barci kuma ya sa ƙarar ta ƙara cika masa kai. Na biyu yana fita, yana tafiya, yana aikinsa. Ƙarar tana nan, amma sau da yawa sai ya manta da ita, kamar yadda mai gida bakin hanya ke manta ƙarar motoci. Bambancinsu ba cikin kunne ya ke ba. Cikin yadda jiki da hankali su ka karɓi abin ya ke.

Ga hanyoyi 4 da motsa jiki ke taimako:

Ta farko, barci. Jikin da ya motsa da rana ya fi samun barci da dare. Mai ƙarar kunne kuwa, dare ne babban abokin gabansa.

Ta biyu, kwanciyar hankali. Damuwa da ɓacin rai suna sa a ji ƙarar ta ƙaru. Tafiya, ko noma, ko wasa cikin jama'a suna sauke damuwa.

Ta uku, jini. Kunnen ciki yana rayuwa da ƙananan hanyoyin jini, sirara ƙwarai. Motsa jiki yana rage hawan jini, yana taimakon mai ciwon sukari, yana ƙarfafa zuciya. Abin da ya gyara hanyoyin jini ya taimaki kunne.

Ta huɗu, wuya da kafaɗu. Wasu mutane, in sun juya wuya ko sun cije haƙora, sai su ji ƙarar ta sake. Irin waɗannan, sassauta wuya da muƙamuƙi yana iya kawo musu sauƙi.

Nawa ya kamata a yi?

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawara a shekarar 2020. Ta ce babban mutum ya motsa jiki daga minti 150 zuwa 300 cikin mako, motsi matsakaici. Mu yi lissafi tare. Minti 30 kowace rana, kwana 5. 30 sau 5, 150 ke nan. Kun ga ba abin da ya fi ƙarfin mutum ba ne.

Yaya za ka gane motsi matsakaici? Ga awo mai sauƙi, ba ya bukatar agogo. In kana tafiya, numfashinka ya ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya waƙa, to ka kai daidai. In ko magana ta gagare ka, ka wuce, sai ka rage.

Ba sai ka sayi kaya ba. Tafiya da sauri zuwa gona ko kasuwa motsa jiki ne. Tuƙa keke motsa jiki ne. Noma, shara, ban ruwa a garka, duka suna ciki. Manomi da damina ya riga ya cika nasa har ya wuce. Amma bayan girbi, in aiki ya ƙare, kada ya zauna wata da watanni gindin itace. Masu zama wuri ɗaya yini zubur, kamar tela, da mai tebur, da direba, da ma'aikacin biro, su ne su ka fi bukatar wannan magana.

In ka daɗe ba ka motsa ba, fara da minti 10. Bayan mako ɗaya ka ƙara 5. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za ka iya ji, kada ka tsorata

Wasu mutane, in sun yi gudu ko aiki mai ƙarfi, sai su ji ƙarar ta ƙaru. Dalili shi ne zuciya tana bugawa da sauri, jini yana gudu da ƙarfi. Yawanci in an huta sai ta koma yadda ta ke. Wannan ba ya nufin kunne ya ƙara lalacewa. Kada ka bar motsa jiki saboda haka. Rage ƙarfi kawai, ka ci gaba. Jiki magayi ne: ka lura da wane aiki ke tada maka ita, wane ke kwantar da ita. Tun da yanzu ka iya rubutu, sami ƴar takarda. Kowace rana rubuta abin da ka yi, da yadda ka kwana. Bayan wata ɗaya ka karanta, za ka gane naka hali.

Abubuwan kiyayewa

1. Kaya masu nauyi. In za ka ɗaga buhu, kada ka riƙe numfashi kana yunƙuri, kada ka cije haƙora. Yunƙuri irin wannan yana matsa ma kai da kunne. Saki numfashi lokacin ɗagawa. In buhu ya yi nauyi, kira wani ku kama.

2. Kaya a kai. Uwaye mata, ku da ke ɗauko ruwa da itace daga nesa, wuyanku yana shan aiki. In kina jin ƙarar kunne tare da ciwon wuya, rage kayan, gara ki yi sawu 2. Da maraice ki zauna, ki juya kai dama da hagu a hankali, sau 5. Ki ɗaga kafaɗu, ki sake su, sau 5. Ban da fizga. In ya yi zafi ki tsaya.

3. Bugu a kai. Kokowa wasanmu ne na gado, muna alfahari da ita. Amma faɗuwa bisa kai, da naushin dambe, da mari a kunne suna iya fasa fatar kunne ko su taɓa kunnen ciki. Mai ƙarar kunne ya nisanci wasan da ake bugun kai. Iyaye da malamai kuma, kada ku mari yaro a kunne.

4. Zafin rana. A watannin Afrilu da Mayu, kada ka fita gudu da tsakar rana. Fita da sassafe, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Sha ruwa kafin ka fita, ka sha in ka dawo.

5. Kiɗa cikin kunne. Samari, ku da ke gudu da abin saurare na salula toshe cikin kunne, ku ji wannan. Ana auna ƙarfin sauti da awo mai suna desibel. Hira tsakanin mutum 2 kamar desibel 60 ce. Daga 85, in an yi awa 8 ana ji kowace rana, kunne yana lalacewa. In ya kai 88, awa 4 ta isa ta yi ɓarna. In ya kai 91, awa 2. Ga awo mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa. Mi amfanin ka gyara zuciya ka ɓata kunne? Rage murya. Mai injin niƙa kuma ya nemi abin toshe kunne a farmasi.

6. Dare. Kada ka yi aiki mai ƙarfi dab da kwanciya. Shayi mai ƙarfi, da kafe, da goro da dare suna hana barci, rashin barci kuwa ya ƙara maka wahala. In shiru ya dame ka, buɗe radiyo ƙasa-ƙasa.

Yaushe za a tafi likita ba da jinkiri ba?

Yawancin ƙarar kunne ba ta da haɗari. Amma akwai alamun da ba a zama da su gida:

1. In kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya. Wannan na gaggawa ne. Maganinsa ya fi aiki cikin kwanakin farko. Kada ka ce bari sai ran kasuwa.
2. In ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciyarka, dum, dum, dum. A auna maka jini. Kada ka shiga aiki mai ƙarfi sai lokotoro ya duba ka.
3. In ƙarar a kunne ɗaya kaɗai ta ke, kuma ta daɗe.
4. In tana tare da jiri, ƙasa tana juya maka. Mai jiri kada ya hau keke, ko itace, ko ya tsaya bakin rijiya.
5. In kunne yana zubar da ruwa ko jini, ko ƙarar ta fara bayan bugu a kai.
6. In ta fara bayan ka soma shan wani magani. Koma ka gaya ma wanda ya rubuta maka shi. Kada ka tsai da magani da kanka.
7. In abin ya hana ka barci da ci, har rayuwa ta fita ranka. Wannan ma ciwo ne, kuma ana taimako a kansa. Ka faɗa ma wani, kada ka ɓoye.

Fara da likitar garinku. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ka wurin lokotoron kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL, a babbar likita kamar ta Yamai. Wani dauɗa ce kawai za a wanke masa, ya koma gida lafiya. Wani kuma jinsa ne ya ragu, in ya sami na'urar ƙara ji sai ƙarar ta yi sauƙi. Kada ka sa tsinke, ko ashana, ko gashin kaza cikin kunne. Kada ka ɗiga mai ko ruwan itace in ba ka san halin fatar kunnenka ba.

Mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mace mai ciki, da tsoho, su tambayi ma'aikacin lafiya irin motsin da ya dace da su kafin su fara.

Jama'a, kowace shekara, ran 3 ga watan Maris, ita ce ranar kula da ji ta duniya. Amma kunne naka ne kullum. In akwai mai wannan ƙara a gidanku, kada ku yi masa dariya, kada ku ce ƙarya ya ke. Ku ja shi ku fita tafiya tare. Tafiyar mutum 2 ta fi daɗewa, don in ɗaya ya yi ƙyuya ɗaya zai tada shi. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Kunne kashi nawa ne?
2. Faɗi abubuwa 3 da ke kawo ƙarar kunne.
3. In mutum ya yi tafiyar minti 25 kowace rana, kwana 6, minti nawa ya yi cikin mako? Ya cika shawarar OMS?
4. Waɗanne alamu ne ke sa a tafi likita nan da nan?
5. A garinku, ina ne ƙara ta fi yawa? Mi za ku iya yi a kai?

Ku rubuta amsoshinku, ku nuna ma malaminku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.