Rani, wutar daji da makomar farauta a ƙasar Yauri

Yau daji za mu shiga, maganar farauta ce. Samarinmu na Yauri da Ngaski da Shanga, musamman masu karnuka, don Allah ku tsaya ku ji har ƙarshe.

Bari mu fara da nesa kafin mu dawo gida. A jihar Wayomin ta Amurka, sanyin 2022 zuwa 2023 ya yi tsanani, dusar ƙanƙara ta binne ciyawa wata da watanni. Barewar can idan ta kasa tono abinci, da kitsen jikinta take rayuwa, su kuwa 'ya'ya ƙanana ba su tara kitsen ba. A wani garke da masu bincike ke bibiya, kusan duk 'ya'yan da aka ɗaura wa na'ura a wuya sun mutu kafin sabuwar ciyawa ta fito. To me hukumar namun dajin jihar ta yi? Ta zabtare dubban takardun izinin farauta a wannan shekara. Lissafinsu mai sauƙi ne: ɗan da ya mutu bana, shi ne babban da maharbi zai nema nan da shekara biyu ko uku. In aka haɗa da kashe iyayen, wa zai haifi wasu?

Mu dai ba mu da ƙanƙara, amma muna da lokacinmu na wahala. Daga Nuwamba iskar hunturu za ta fara busar da ciyawa, kafin Maris da Afrilu zafi ya ƙarasa abin da ya rage. Busasshiyar ciyawa cika ciki kawai take yi, ba ta gina jiki kamar ɗanya. Ƙoramu su ƙafe, tafkuna su koma taɓo. Dabba irin mariya ba ta iya nisa da ruwa, dole ta zo inda ya rage, kuma kowane maharbi ya san wurin. Mai ciki da mai shayarwa su suka fi jigata. Ku tuna mariya da gwanki ɗa guda suke haifa, bayan ciki na wata takwas zuwa tara. Ba zomo ba ne da zai cika daji a damina ɗaya.

Yanzu ku duba abin da muke yi. Daidai wannan lokacin ne namu lokacin farauta, saboda an gama aikin gona, hannu ya sake. A fito gayya, a kaɗa ganga, a saki karnuka, a cinna wa daji wuta. Wutar nan ma iri biyu ce. Wadda aka sa da wuri, ƙasa da sauran danshi, tsalle-tsalle take yi, ta bar wurin ɓuya, har sabon tsiro ya fito a bayanta. Ta ƙarshen rani kuwa ba ta barin komai: abinci, inuwa, ƙwan zabon daji da na makwarwa, har jaririyar gada da uwarta ta ɓoye a cikin ciyawa. Wallahi wani lokaci saboda gafiya uku ake ƙone dajin da ido ba ya ganin ƙarshensa, wutar ta bi ta cinye karan da makiyayi ke jira.

Sannan shekarar da damina ta ɗauke da wuri, rumbu bai cika ba, ita ce shekarar da aka fi shiga daji neman na cefane. Kun ga can idan shekara ta yi wa dabba tsanani sai a rage farauta, mu kuwa sai mu ƙara. Ban ce talaka ya yi laifi don ya nemi abin sa wa a tukunya ba. Amma lissafin ba ya duba uzurin kowa.

Wani zai ce ai ga tafkin Kainji nan, ina maganar ƙishirwa? Tun da aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya shanye fadamu da tsibirai, aka tashi mutane sama da dubu 40, ciki har da Gungawa. Yau bakin tafkin, duk inda ruwa ya ja baya, albasa ce da shinkafa da shanu da sansanin masunta. Albasar Yauri abin alfaharinmu ce, ba na kushe ta. Sai dai naman daji ba shi da hanyar zuwa ruwan ba tare da ya ratsa mutane ba. Ko dorina da ke cikin ruwan, da dare ciyawa take fitowa ci, in ta tarar da shinkafa a wurin ita za ta ci. Kun tuna wadda aka kashe a Yauri a Oktoban 2024 bayan ta hallaka mutum. Kuma bikin Rigata da muke taƙama da shi, ai daga farautar dorina ya samo asali, yau ya koma tseren kwale-kwale da nuna gwaninta a ruwa, bai rage armashi ba.

Rumbun da ya rage wa yankin nan shi ne gandun dajin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, faɗinsa murabba'in kilomita 5,340. A jihohin Neja da Kwara yake, ba Kebbi ba, amma dabba ba ta san iyakar jiha ba. Can ne ɓauna da gwanki da kanki ke samun ruwa a guraben kogin Oli idan rani ya yi nisa. Matsalar ita ce 'yan bindiga sun sami mafaka a dazukan, masu gadi ba sa iya sintiri yadda ya kamata. Mu da muka ga abin da ya faru a makarantar Birnin Yauri a Yunin 2021 ba sai an yi mana bayani ba. Kar wani ya ce tsoron shiga daji ya hutar da dabbobi. Mai bindiga a daji shi ma nama yake ci, kuma ba ya neman izinin kowa.

Ni a ganina ba sai mun jira Abuja ko Birnin Kebbi ba. Maharba suna da shugabanni, ana jin maganarsu, kuma yanzu da yawansu ke aikin sa-kai sun ƙara haɗuwa wuri guda. Su ne za su iya cewa bana damina ta gaza, a bar mace mai ciki da mai ɗa, ba kwanton ɓauna a mashaya, ba wuta bayan Janairu. Hakimai da dagatai su sa albarka, mu matasa mu kai saƙon ƙauye-ƙauye, daga Wara har Shanga.

Wanda yake da tsohon maharbi a gida, ya tambaye shi yaushe rabon da ya ga gwanki a dajin garinsu, ya turo mana amsar da sunan garin. Da ita za mu buɗe shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.