Kwana Takwas a Ƙarƙashin Fiffike: Jawabin Taron Shekara

 

An ba ni minti goma in yi magana a kan haɗarin ƙananan jiragen sama na farko-farko. Kada wani ya ce wannan zance na Turai ne kawai. Tun ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Masar. Bayan haka sai masu jirgin kansu suka fara ratsa yankinmu a hanyarsu ta zuwa Kef Tawun, wasu don yawon buɗe ido, wasu don neman suna.

Jirgin wancan zamani ba irin wanda muke shiga zuwa Makka ba ne. Fukafukansa katako ne aka lulluɓe da ƙyalle, inji ɗaya, wurin zaman mutum ɗaya ko biyu, galibi ba rediyo. Taswira da kamfas su ne jagora. In inji ya tsaya, duk inda kake nan ne filin saukarka.

A watan Janairu 1933 wata Baturiya, Lady Bailey, ta ɓace a kan wannan hanya. Sai bayan kwana huɗu aka same ta da ranta kusa da Tawa, a ƙasar Nijar ta yau. Ita Allah ya sa ta sauka a gefen da mutane ke zaune.

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne Kyaftin Bill Lancaster. A 1932 an yi masa shari'ar kisan kai a Miyami ta Amurka, kotu ta wanke shi, amma sunansa ya riga ya ɓaci, aiki ya gagara. Sai ya ƙudurta zai farfaɗo da sunan ta hanyar karya tarihin da Amy Johnson ta kafa a 1932, na zuwa Kef Tawun daga Ingila cikin kwana 4 da awa 6 da minti 54. Jirginsa ƙirar Avro Avian ne, bai kai nata gudu ba. Ke nan abin da ya rasa a gudu sai dai ya cike shi da hana kansa barci.

Ya tashi daga Ingila ran 11 ga Afrilu 1933. Kashegari ya isa Reggan a kudancin Aljeriya, bayan ɓatan hanya da guguwar rairayi, ga gajiya, ga lokaci ya ƙwace masa. Faransawan da ke wurin suka ba shi shawara ya kwana ya huta. Ya ƙi. Da magariba ya tashi ya nufi Gawo, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a kan Tanezruft, hamadar da ko Buzaye suna shakkarta. Bai yi awa biyu ba inji ya tsaya, ya faɗi cikin duhu, jirgin ya kife, shi kuma ya ji rauni a fuska.

Daga nan bai yi wauta ba. Bai bar jirgin ba, domin jirgi ya fi mutum sauƙin hangowa daga sama. Ya riƙa shan ruwansa kaɗan-kaɗan bisa ƙa'ida. Da rana ya fake ƙarƙashin fiffike, da dare ya yagi ƙyallen jirgin ya kunna wuta ko wani zai gani. Kullum kuma yana rubuta halin da yake ciki a littafin jirgin, yana yi wa iyayensa da masoyiyarsa Jessie Miller sallama. An fita nemansa, amma aka fi ba da ƙarfi can kudu wajen Gawo, don ba wanda ya zaci ya faɗi da wuri haka, kuma ya ɗan kauce daga hanyar motoci. Rubutunsa na ƙarshe na safiyar 20 ga Afrilu ne, kwana na takwas, ruwa ya ƙare.

An fi ɗora laifin a kan inji. Ni a ganina inji ya yi abin da injunan lokacin suka saba yi ne. Inda aka yi asara shi ne Reggan. Lokacin da ya rage masa ba zai ishe shi karya tarihin ba, sai dai wanda ya zuba kuɗin mahaifinsa da ragowar mutuncinsa a tafiya ɗaya, da wuya ya ji maganar mai cewa kwanta sai da safe.

Sai ran 12 ga Fabrairu 1962, bayan kusan shekara 29, wasu sojojin Faransa da ke sintiri suka ci karo da jirgin. Gawarsa ta bushe a gefensa, littafin kuma yana ɗaure a jikin fiffike, ana iya karanta shi. Aka binne shi a Reggan, littafin aka kai wa Jessie Miller. A 1975 aka kwashe ɓaraguzan jirgin, daga baya aka kai su gidan tarihi na Kwinsland a Ostareliya.

Shugaba, na ga kana duba agogo.